Ramin da ke Ƙoƙon Kai

Shekarun baya, bayan an sami 'yancin kai da kaɗan, lokacin ana ce wa ƙasar tamu Dahomey, ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Parakou, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Shekarata ashirin da huɗu. Ina da kamara ɗaya, da labule mai zanen teku wanda mutane ke tsayawa gabansa su daskare, da kuma wata cuta da ta hana ni sakat: son binciken laifi. Direbobin da ke zuwa daga Cotonou sukan kawo ƙananan littattafan 'yan sanda na Faransanci, tsofaffi, ni kuwa in saye in haɗiye su a zama ɗaya. Da yawa daga cikinsu shafukan ƙarshe sun riga sun tafi wajen mai ƙosai. Wannan bai taɓa damuna ba, sai in zaɓi mai laifin da kaina, in rufe littafin ina jin daɗin kaifin basirata.

Har gilashin nan mai ƙara girman abu na saya, wanda muke ce wa lup, ina yawo da shi a aljihun riga. Na taɓa daka gawayi na barbaɗe kwanon mahaifiyata da shi, wai ina neman zanen yatsun wanda ya sha mata fura. Yatsun da na samu nawa ne, na kuma sha faɗa na wanke kwano. A teburin mai shayi na bakin tasha ba mai kirana da sunana, kowa Sufeto yake ce mini. Ba'a suke yi, na sani, amma ina jin daɗin sunan ƙwarai.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar goro. Mu asalinmu 'yan Djougou ne, jikokin fataken da ke kai da kawo tsakanin ƙasar Hausa da Gonja, shi kawun nawa ne ya fara dawowa Parakou saboda jirgi. Mutum ne mai kirki, mai kyauta, amma bakinsa ya fi shi sauri. In ya fusata sai ya faɗi abin da zai kwana yana istigfari a kai. Shekara shida kafin abin da zan ba ku labari, sun yi faɗa da abokin cinikinsa a tsakiyar kasuwa, a kan huhunan goro da aka bari ba a yayyafa musu ruwa ba har suka lalace. A gaban jama'a kawuna ya ce masa in ya sake ganin ƙafarsa a ƙofarsa sai ya binne shi. Bayan kwana biyu mutumin ya ce wa mahaifiyarsa za shi Djougou. Bai isa Djougou ba, bai dawo Parakou ba, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. An yi 'yan gulmace-gulmace a lokacin, daga baya magana ta kwanta.

To, a shekarar da nake magana ana raba filaye a Kpébié, wadda a lokacin rabinta daji ne. Kawuna ya zaɓi wani fili da ke da kututturan ɗorawa, don ya ji tsofaffi na cewa nan ne tsohon zangon ayarin mutanenmu, kuma fatake ba sa sauka inda ruwa ke da nisa. Ya kira mai haƙar rijiya. Haƙa ta kai ƙirji, diga ta daki wani abu, mai haƙa ya share ƙasa da hannu, sai ga ƙoƙon kan mutum.

Kawuna da kansa ya je ya kira jandarma, wato 'yan sandan yankin. Su kuwa ba su da kamara a lokacin, in abu ya taso ni ake aikowa a ɗauka. Ba zan ɓoye muku ba, da aka zo kirana, murna na yi. Na sa rigata mafi kyau. Ina isa da hantsi na tarar an faɗaɗa ramin, an share ƙasa a hankali, ga ƙasusuwan mutum kwance gaba ɗaya, da wasu fasassun tukwane baƙaƙe a sama da gefe. Na ɗauki hoto daga bakin rami, na shiga na ɗauka daga kusa, sannan na zaro lup ɗina, wanda ba wanda ya ce in zaro. A gefen ƙoƙon kan akwai rami, yatsu biyu za su shiga. Na kuma ɗauki ƙashin cinya da ido na gwada da tawa cinyar, na ga kamar ya fi tsawo. Mutumin da ya ɓata dogo ne. Bayan na gama aka kwashe ƙasusuwan cikin akwatin katako aka kai asibiti, don likitan da zai duba su yana ƙauyuka wajen rigakafi, sai bayan kwana huɗu zai dawo.

Da na iya bakina da labarin ya tsaya nan. Amma daga Kpébié teburin mai shayi na nufa, inda mutane suka riga suka ji ƙishin-ƙishin. Aka matsa mini wuri a benci, aka zuba mini shayi ban biya ba, kowa na cewa Sufeto ya faɗa mana abin da ya gani. Na gyara zama. Na ce namiji ne, dogo, kuma ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba, an buge shi da gatari a gefen kai, na gani da gilashi. Wallahi a lokacin ban tuna da kawuna ba, kaina kawai nake ji. Sai da wani dattijo ya ajiye kofinsa ya tambaya a filin wa aka ce an tono, na ga mutane suna kallon juna, sannan na gane abin da na yi.

Kafin la'asar duk kasuwa ta ɗauka. Mahaifiyar mutumin da ya ɓata, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta tafi wajen jandarma tana kuka a ba ta ƙasusuwan ɗanta. Samari suka fara taruwa a ƙofar gidan kawuna. Washegari kwamandan jandarma ya aika aka tafi da shi, ya ce zai riƙe shi har likita ya dawo, don bincike da kuma don kada a illata shi. Da mahaifiyata ta je roƙo, kwamandan ya ce mata cikin ladabi, Hajiya, ai ɗanki ne ya duba da gilashi ya ce kisa ne. Ta dawo gida ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da aiko mini da tuwo shago kamar kullum. Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya irin na kwanakin nan ba.

Rana ta biyar aka ce likita na nemana, in zo da hotuna. Ni a raina likitan da ke binciken gawa dogo ne mai tabarau da baƙar jaka. Wanda na tarar gajere ne, ɗan Bariba, da takalmin roba, ƙurar hanya har gashin gira. A Dakar ya yi karatu, amma Hausarsa irin ta kasuwa ce, yana haɗa ta da Faransanci in ta ƙare masa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur a wani ɗaki bayan asibiti, ya jera ƙasusuwan kowanne a mazauninsa, har ƙananan na yatsu. Kafin ya taɓa ƙoƙon kan na ga ya ɗan sunkuyar da kai, kamar mai neman izini. Kayan aikinsa buroshin haƙori ne da igiyar awon tela.

Ya ce, “Kai ne mai foto? An ce kai ka riga ka gama anketi, bincike ya ƙare. Zo ka koya mini.”

Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na nuna masa ramin da ke gefen kan. Ya ce in ba shi lup ɗina. Ya kai ƙoƙon bakin taga, ya duba ya daɗe, ya miƙo mini gilashin ya ce in gaya masa launin ƙashin. Na ce ja-ja ne, launin ƙasar wurin. Ya ce to bakin ramin fa, inda ya fashe? Na duba. Fari ne tas, kamar an karya rogo.

Ya bayyana mini a hankali, kamar yana magana da ɗan makaranta da yake so. Ƙashi in ya daɗe a ƙasa yakan sha launinta. Da an fasa kan nan kafin a binne shi, da bakin ramin ya rine tare da sauran. Tunda fari ne, fashewar ba ta kai mako ba. Bai tsaya nan ba, ya aika aka kira mai haƙar rijiya ya zo da digarsa. Mutumin ya shigo yana rantsuwa shi haƙa kawai aka sa shi. Likita ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya karɓi digar ya kai bakinta kusa da ramin. Ta zauna daidai, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Mai haƙa ya ce ai kuwa ya ji ƙas, ya ɗauka tukunya ce.

Daga nan likita ya koma kan dogon namijina. Ya ɗaga ƙashin ƙugu ya nuna mini faɗinsa da yadda ya buɗe, ya ce wannan ƙugun mace ne. Ya auna ƙashin cinyar da na gwada da ido, ya rubuta, ya yi ɗan lissafi a gefen takarda, ya ce da tana tsaye da ƙyar ta kai kafaɗata. Ya ɗauko muƙamuƙi ya sa yatsana a kan dasashi: babu haƙoran ciki, kuma gurabensu sun toshe sun yi sumul. Ya ce haƙori in ya faɗi bayan mutuwa gurbinsa a buɗe yake zama, waɗannan kuwa sun zube tun tana raye, da daɗewa. Tsohuwa ce. Sannan ya ɗauki ɗaya daga hotunana ya nuna saiwar ɗorawa, mai kaurin damtsena, da ta ratsa tsakanin haƙarƙari. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin saiwa ta yi wannan kauri a shekara shida.

Ni fa tsaye nake baki buɗe. Kunya na cina, amma wani abu ya fi kunyar ƙarfi. Duk littattafan da na karanta, mai bincike yakan kalli mutane ne ya kama su da wayo. Wannan mutum bai zargi kowa ba, bai ɗaga murya ba, ƙashi kawai yake tambaya, kuma ba ya matsawa gaba sai ya nuna maka da idonka. Na tambaye shi shekara nawa ta yi a ƙasa, ya ce bai sani ba, da yawa dai. Me ya kashe ta? Bai sani ba. Wace ce? Nan ma bai sani ba. Ban taɓa jin mai ilimi yana faɗin ban sani ba da sauƙi haka ba, ni da ko sunan tauraro aka tambaye ni sai na ƙirƙiro.

Na ɗauka a ranar za a saki kawuna. Kwamanda ya karanta takardar likita ya yarda ba ɗan kasuwar da ya ɓata ba ne, amma ya ce gari ya riga ya tafasa. In ya sake shi haka kawai za a ce an sayi likita, kuma har yanzu akwai gawar mace a filin mutum ba wanda ya san yadda ta shiga. Likita ya kira ni gefe ya sake baje hotunan. Ya ce shi ƙashi ya sani, bai san yadda mutanenmu ke binne mamaci ba, amma kwanciyar matar nan da tukwanen nan ba su yi masa kama da jefarwa ba.

“Wannan ba karatuna ba ne,” in ji shi. “Kuna da tsoho da ya yi zamanin ayari? Kai masa foto. Doucement, a hankali, kada ka gaya masa abin da kake so ya gani.”

Muna da tsohuwa: kakata, mahaifiyar kawun nawa, a Djougou. Ta haura tamanin, tun tana yarinya ta bi ayari da ƙafa. An ɓoye mata cewa ɗanta na tsare. Da safe na hau motar kaya, na isa bayan azahar, na same ta a tsakar gida tana zaɓen goro, tana ware mai tsutsa da taɓawa kawai, don idonta ya yi rauni. Tana jin muryata ta fara tsiyar da muka saba, wai maigida ya zo hannu rabbana, ko ɗan kwali bai sayo wa amaryarsa ba. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce wani hoto nake so ta duba mini, na wani kabari da aka tono.

Ta kai hoton har hanci ta ce hayaƙi kawai take gani. Sai na ba ta lup. Shekara uku ina yawo da gilashin nan, ranar ce ya fara yin aikin kirki, kuma ba a hannuna ba. Ta bi hoton da shi daga sama har ƙasa, bakinta na motsi. Ta tambaye ni wane lokaci na ɗauka, na ce da hantsi. Ta sa farce a kan inuwar wani jandarma da ke tsaye a bakin ramin.

“In hantsi ne, inuwa yamma take faɗuwa. To ga inuwa ta bi bayan mamacin, fuskarsa na kallon rana. A hannun dama yake kwance, kai a kudu. Wannan an yi masa sutura, maigida. An yi masa salla. Wanda ya kashe mutum a ɓoye ba ya tsayawa neman alƙibla.”

Ta ce tukwanen kuwa aikin fatake ne. Mutanen gari itace suke sarowa su jera a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Ayari ba shi da lokacin saran itace, madugu na jira, jakuna na ɗaure da kaya, sai a sayi manyan tukwane wajen matan zango a fasa a kife. Sai ta tambaya a ina aka tono. Na ce Parakou, Kpébié, inda ɗorawoyi suke. Ta ajiye gilashin a cinya. Ta ce a nan ne ciwon ciki ya shiga ayarinsu wata shekara, tana 'yar yarinya mai ɗaukar tulu. Mutum huɗu suka binne cikin kwana uku, a jere, kafaɗa da kafaɗa. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai tuƙa wa ayari tuwo, wadda ba ta da haƙori, sai an goga mata goro take ci, kuma ita kakata ce mai goga mata.

A nan na kasa riƙewa, na gaya mata komai, har da abin da na faɗa a teburin mai shayi. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce a ɗauko mata mayafi. 'Yan gida suka taru suna cewa hanya ba kyau, jikinta ba zai ɗauka ba, ta ce ta taka hanyar nan da ƙafa tana ɗauke da tulu, ba za ta gagare ta a zaune ba. Washegari direba ya ba ta gaba, ni ina baya kan buhuna. Har muka shigo Parakou ta Tourou ba ta yi mini wasa ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Likita ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Kwamanda ya ce da girmamawa, uwa ce, dole ta kare ɗanta. Sai na ga idon likita ya yi haske. Ya ce ai tsohuwa ta faɗi abin da za a iya gwadawa. Ta ce huɗu ne a jere. In gaskiya ne, akwai wasu a gefe, a ƙasar da ba wanda ya taɓa haƙawa. In babu, maganarta ta faɗi. Ya juya ya tambaye ta ko ta yarda a gwada. Ta ce ita ba ta san gwaji ba, ta dai san inda ta tsaya tana kuka.

Washegari aka tafi Kpébié da hantsi, rabin gari na biye. Aka fito da kawuna tsakanin jandarma biyu, ya rame, bai dubi inda nake ba. Kakata ta tsaya a bakin ramin riƙe da hannuna, ta dubi kututturan ɗorawa, ta dubi rana, ta ce a auna taku uku wajen yamma. Likita ya hana a sa diga. Ya karɓi ƙaramar fartanya ya shiga aikin da kansa tare da mai haƙa, suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan. Aka fi awa biyu. Mutane suka fara gunaguni, wasu suka koma inuwa. Ni kuwa addu'ar da na yi a ranar ban yi irinta ba ko a jarrabawa. Da zurfin ya kusa ƙirji, fartanya ta yi ƙas. Likita ya ajiye ta ya ci gaba da buroshi, sai ga bayan baƙar tukunya a kife, ga wata kusa da ita, a jere daga kudu zuwa arewa.

Wani jandarma ya matso zai ɗaga, likita ya riƙe masa hannu. Ya ce abin da aka zo nema an gani, wanda ke ƙasa bai yi wa kowa laifi ba, a bar shi ya huta. Limamin unguwa, da ya zo kallo kamar kowa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a, jama'a suka amsa. A wurin kwamanda ya ce kawuna ya tafi gida. Kwanansa shida a tsare.

Akwai abu biyu da likitan nan ya yi a ranar da har yau nake tunawa. Kakata ta roƙe shi ya rubuta a takardarsa cewa mai tuwon ayarinsu ce. Ya ce mai yiwuwa ita ce, shi ma zuciyarsa ta ba shi haka, amma ƙashi bai gaya masa suna ba, ba zai rubuta abin da bai gani ba. Ta dube shi ta ce wannan yaro da an yi shi zamanin ayari da madugu ne. Na biyu, tsohuwa mai daddawa na zaune a gefe ita kaɗai, kowa ya manta da ita. Ya je ya tsuguna gabanta ya ce ya yi baƙin ciki bai samo mata ɗanta ba, amma ba zai ba ta ƙashin wata ya ce nata ne ba. Ta ce da ma kabari kawai take so, inda za ta riƙa zuwa. Har ta rasu ba a ji labarin ɗan nata ba, mu ma har yau ba mu san inda ya shiga ba.

An mayar da ƙasusuwan inda aka same su, cikin sabon likkafani. Kawuna ya fasa rijiya a wurin, ya kewaye gefen da bulo, ya gina gidansa a ɗaya ɓangaren. Ni na yi wata guda ina kewaye hanya don kada mu haɗu. Ran nan sai ga shi a shagona da babbar riga, ya zauna gaban labulen teku ya ce in ɗauke shi. Ina gyara kamara na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

“Ni bakina ya kai ni, kai naka ya rufe ƙofa. Gado ne, ɗana. Ɗauki hoton, amma ka duba da kyau kafin ka gaya wa gari ko wane ne.”

Ya yi dariya, ni na kasa. Hoton na nan a ɗakina, ya ɗan karkace, don ban ga abin da nake ɗauka sosai ba.

Son binciken bai bar ni ba har yau da na tsufa. Jikokina na kallon finafinan masu binciken gawa a waya, da injuna masu walƙiya, nakan matsa kusa in ce a ƙara murya. Ina sha'awar aikin nan ƙwarai, kuma ina ganin girman masu yin sa. Sai dai duk wanda aka nuna, da gajeren likitan nan nake auna shi, mai buroshin haƙori da igiyar tela, wanda ya san iyakar abin da ya sani, ya kuma aika a tambayi tsohuwa abin da ba a koya masa a Dakar ba. Bayan shekara biyu aka yi masa canjin wurin aiki, ban sake ganinsa ba. Ban ma yi masa godiya yadda ya kamata ba.

Takardarsa shafi biyu ce, mutum uku ko huɗu suka karanta ta. Tawa maganar jimla ɗaya ce a kan kofin shayi. Shekara ashirin da wani abu bayan haka kawuna ya rasu. Muna zaman makoki a ƙofar gidansa, sai na ji wasu mutum biyu a bayana, waɗanda ba su san ni ba, ɗaya na raɗa wa ɗaya cewa ai marigayin nan an taɓa tono mutum a filinsa da kai a fashe, ɗan ƙanwarsa ma da bakinsa ya faɗa. Na juya na ce ni ne ɗan ƙanwar, na ba su labarin tun daga farko, kamar yadda na ba ku yanzu. Tun ranar duk inda na sami masu saurare sai na maimaita, don ban san kunnuwa nawa waccan maganar ta shiga ba. In ta taɓa isowa gare ku, to ku ji daga bakin wanda ya fara ta: mace ce, tsohuwa, an yi mata salla. Bakin ramin da ke ƙoƙon kan fari ne, diga ce ta yi shi. Kawuna bai kashe kowa ba.